Turaren Jegon Haulat

Talata, da hantsi

Haulat ta iso wankan gida jiya, bayan an watse daga suna. Motar Datti maƙwabcinmu ce ta ɗauko su daga Gaya, ita da jaririn da ƙulle-ƙullen kaya kamar masu ƙaura. Yaron ya ci sunan Ikrama. Dangin ubansa malamai ne, suna a wurinsu sai an buɗe littafi. Ni da an tambaye ni, da na ce a sa masa Bala kowa ya huta.

Ɗakin kudu na gyara mata. Tun kafin ta zo nake turara shi: katifa, labule, har kayan jaririn sai da na baza su a kan kabbasa, kwandon turara kaya, suka sha hayaƙi. Ni Bara'atu mai turare, wadda amaren Ajingi da Balan da Kademi ba sa shiga ɗakin miji sai sun biyo ta hannuna, a ce 'yata tilo ta yi jego a ɗaki mai ƙarnin nono? Kakata Babarbariya ce, a hannunta na karɓi kasko. Idan arba'in ta cika, Haulat za ta koma gidan mijinta Malam Uwais da ƙamshin da za a yi wata ana zancensa a layinsu. Son 'ya ne, talla ce kuma. Ban ga laifin jifan tsuntsu biyu ba in dai dutsen nawa ne.

Akwai kwalba guda da na haɗa tun ranar da aka ce mini tana da ciki. Hawi, sandal, farce, da wani abu da ba na faɗa wa ko takarda. Na ɗaure bakinta da leda na tura ƙarƙashin gadona. Sai ranar komawa za a buɗe.

Ta ɗan yi tari da ta shiga ɗakin. Ƙurar hanya ce.

Alhamis, bayan azahar

Wanka safe da yamma, ruwa mai zafi da ganyen darbejiya. Kunun kanwa tana sha tana ɓata fuska. Bayan wanka turaren tsuguno, bayan shi na ɗaki. Haka aka yi mini, haka na yi wa 'ya'yan mutane ba adadi.

Ƙirjinta ya fara wannan fito. Na san shi tun tana aji uku na firamare, fuka ce, ta wajen ubanta marigayi ta gado. Tana da shuɗiyar inhela a jaka, ta shaƙa sau biyu, ya lafa.

Talatu ta leƙo da ƙuli-ƙuli. Katanga ɗaya ta raba mu shekara ashirin, ita tana matsar man gyaɗa, ni ina soya itace da sukari, kowa na cewa warin ɗan'uwansa ne ya dame shi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana fifita da gefen mayafi.

"Bara'u, mai jego kike gasawa ko kilishi?"

"Ke da hancinki ya mutu a kan tunkuza, me kika sani?"

"Na san ba na ganin fuskar yarinyar daga nan."

Na ce ta ajiye ƙulinta ta kama gabanta. Da ta tafi na ɗan barbaɗa habbatussauda da ƙaro a garwashi saboda ƙirjin. Kakata da shi take buɗe wa mutane numfashi.

Ikrama yana tsotso lafiya.

Juma'a, kafin magariba

Sau biyar ta shaƙi shuɗiyar yau. Datti ya fara bugun gyaɗa a bayan gida, ƙaiƙayi ko'ina.

Asabar, da la'asar

Mun je Gaya mun dawo.

Bayan asuba na shiga da kunu na tarar da ita zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa suna sauka. Na tambaye ta, ta ce "Um," ta huta, ta ce "ma." Datti bai ko wanke fuska ba ya tayar da mota. Talatu ta goya Ikrama ta shiga baya.

A asibiti suka ɗora mata wani abin roba a hanci da baki, inji na gurnani, wani farin turiri na fita tana shaƙa. Ashe su ma turare suke yi, nasu ne dai ba ƙamshi. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta fara haɗa kalma biyu.

Likitar mace ce, Hindatu, ba za ta girmi Haulat da yawa ba. Ta saurari bayanta, ta saurari gabanta, sannan ta ɗago ta ɗan ja iska ta hanci ta dube ni.

"Hajiya, wannan ƙamshin fa?"

Na ce hawi ne da gabgab, in tana so akwai ƙaramar kwalba akwai babba. Ta yi murmushi ba ta ce a kawo ba. Ta ba da ƙwayoyi na 'yan kwanaki, amma ta ce a fara ɗibar jini kafin a sha ko ɗaya, don maganin yana ɓoye abin da take son gani. Mu dawo Litinin.

Malam Uwais ya same mu a can, ya gaishe ni daga nesa kansa a ƙasa. Yaro mai ladabi. Irin ladabin nan da ke sa mutum ya duba jakarsa.

Litinin, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ta faɗa tun ban manta ba. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, amma abin da kunnena ya ji sau ɗaya ba ya zuba.

Ta ce a cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi akwai farare, fararen su ne masu gadin jiki. A cikin fararen akwai wani iri, iyosinofil.

Na ce, "Iyo wa?"

"Iyosinofil."

"Kamar sunan maganin feshin wake."

Ta ce ai ban yi nisa ba, su ma da dafi suke yawo. Aikinsu na asali faɗa da tsutsar ciki. Kowace ƙwaya tana ɗauke da 'yan ƙunshi, in sun kewaye tsutsa sai su fasa mata. To a jikin mai irin fukar Haulat, sai su taru a bangon hanyar iska, inda babu tsutsa ko ɗaya, su yi ta fasa ƙunshin nan. Bangon ya saɓule, ya kumbura, majina ta cika. Hanyar ta koma kamar gyambo. Abin da ni da ita za mu shaƙa mu wuce, Haulat in ta shaƙa sai hanyar ta tsuke. Nata sun haura ɗari tara a ma'aunin, alhali mai fuka in ya kai ɗari uku ma an fara sa masa ido.

Na ce na gane. Wata shekara ɓarayi sun addabi kasuwarmu, aka ɗauki 'yan sintiri aka ba su gora. Ɓarayi suka daina zuwa. 'Yan sintirin ba su ajiye gora ba, suka koma kan matan da suka kawo tallar nono.

Ta yi dariya ta ce zan iya koyarwa a wurinsu.

Ta ce shuɗiyar inhela buɗe hanya kawai take yi na ɗan lokaci, ba ruwanta da 'yan sintirin. Ta ba da wata mai ruwan ƙasa, safe da yamma kullum, ko da lafiya ko ba lafiya, a kuskure baki bayan an shaƙa. Wannan ce ke karɓe goran, amma a hankali take yi, ba a jin aikinta nan take. Ba ta taɓa nono.

Sannan ta zo kan abin da na san za ta zo.

"Hayaƙi kuma, Hajiya, kowane iri. Na icen dafa ruwan wanka a kai shi nesa. Na turare a daina."

Na gyara zama. Ciniki ne ya zo.

"Na ɗaki a daina. Na tsuguno fa? Ai ƙasa yake bi."

"Sama yake ƙarewa."

"To na kaya. A turara a waje, a shanya, a kawo."

"A'a."

"Humra? Ba wuta ba hayaƙi."

"Yanzu dai a'a. Gyambo ne, bari ya warke."

"Likita, ko mai gwanjo yana ragi."

"Ba ni ke sayarwa ba, Hajiya. Ƙirjinta ne."

Sai na tuna maganarta ta farko, na ce ai ta ce tsutsa ma tana tara su. Yarinyar nan ta taso tana wasa a kududdufi. Ta ce gaskiya ne, a nan yankin dole a duba, a kawo bayan gida da fitsari.

Da za mu fito na roƙi mai ɗakin gwaji ya bar ni in ga abin da ido. Ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Wani abu ne zagaye, cike da 'yan ɗige-ɗige ja-ja kamar an watsa garin jan lalle. Na ce ai an ce farare ne. Ya ce rini suke sa musu, su kuma ja suke kamawa. Kyakkyawa ne abin, ba laifi. Da a atamfa na gan shi da na taya.

Talata, da walha

Na mayar da murhun ruwan wanka can gindin katanga. Kasko na fitar da shi zaure.

Ban taɓa yi wa mutum fatan tsutsa ba sai 'yar cikina.

Alhamis, bayan azahar

Babu tsutsa.

Ranar kasuwa, da yamma

Ciniki ya yi kyau, manoma sun fara sayar da gyaɗa, matansu sun tuna suna da hanci. Hajiya Baiwa ta Kademi ta zo da kanta, za ta aurar da 'ya'ya biyu rana ɗaya, tana son kayan turare na gani na faɗa nan da mako biyu. Na ce an gama.

Ta ce, "An ce mai jegonki ba lafiya."

"Ƙaiƙayin gyaɗa ne."

"Allah sarki. Ai tana hannun gwana. Ni dai ranar komawarta zan aiko a shanso mini ƙamshin."

Na ce ta aiko da babban hanci.

A gida na tarar da Haulat ta ci tuwo ta ƙara. Ƙwayoyin maganin sun yi aiki. Ɗakin ya fara warin ɗakin kowa. Na tsaya a ƙofa na ji, na fita.

Ikrama yana tsotso lafiya.

Lahadi, da la'asar

Malam Uwais ya zo da lemo da tsire. Ya zauna a zaure a gefen tabarma, kaskon na gabansa a kife. Ya daɗe yana kallonsa kamar wanda aka ba shi ya fassara.

Ya ce, "Umma, dama Innarmu ce ta ce in gaishe ki. Ta ce ko za a rage miki wahala, Haulat ta ƙarasa wankan a wurinta."

"Na ce wa Inna na gaji?"

"A'a, Umma."

"Ka taɓa jin an ɗauke mai jego daga gidan uwarta kafin arba'in, uwar tana da rai, tana da ƙafa, tana da itace?"

"Likita ce ta ce..."

"Abin da likita ta ce a gabana ta faɗa. Ga kasko nan a kife, ɗaga ka gani ko da ɗumi."

Bai ɗaga ba. Ya ce Allah ya ƙara girma. Ya shiga ya ga matarsa, ya fito, ya sake gaishe ni, ya tafi.

Haulat ta ce, "Umma, kin kore shi."

Na ce wanda ya zo da tsire ba ya koruwa.

Idan aka ɗauke ta, gobe a kasuwa ba za a ce fuka ba. Cewa za a yi turaren Bara'atu ya kori 'yarta daga gida. Na san bakin matan nan, da shi nake cin abinci.

Laraba, da hantsi

Ƙwayoyin sun ƙare tun shekaranjiya. Na ga inhela mai ruwan ƙasa a kan taga, ƙura ta hau murfin.

"Ba kya shaƙar wannan?"

"Umma, ba ta yin komai. Shuɗiyar ina shaƙa nake jin sauƙi. Wannan sai ɗacin baki. Kuma ni dai ina tsoron nonon."

Na tuna abin da likita ta ce game da goran. Na kuma duba yarinyar, ga ta garau tana yi wa ɗanta wasa. A kasuwa abin da ba a ga aikinsa ba ba a sake sayensa. Na ce ta dai riƙa tunawa. Ban ƙara ba.

Alhamis, bayan azahar

Baiwa ta yi waya sau biyu. Na jiƙa itacen tun jiya, in ya wuce gobe zai yi tsami.

Iska yau daga kudu take, tana bi ta kan zaure ta fita titi.

Juma'a, da hantsi

Iska daga kudu.

Suyar turare ba turarawa ba ce, wannan kowa ya sani. Sukari ne ake narkawa a zuba itace a juya. Sai dai a ƙarshe dole a ɗan ɗora ƙwaya ɗaya a garwashi a ji ko ƙamshin ya faɗa. Ba a ɗaki ba. A tsakar gida, can kusa da rijiya. Na sa ta ta rufe taga.

Juma'a, kafin magariba

Iska ta juya.

Asabar, da azahar

Gaya. An ba ta gado.

Lahadi, bayan la'asar

Har yanzu robar oksijin na hancinta. Jiya leɓenta ya canza launi a mota, wajen da kwalta ta fashe. Datti ya yi gudun da ban san motarsa na da shi ba. Wannan kawai zan rubuta game da hanyar.

Ikrama yana wurin Inna, uwar Malam. Ana kawo shi ya sha a mayar.

Ba na jin yunwa. Na sayi ƙosai a bakin asibiti don kada mai ƙosan ta ce na tsaya mata a gaba banza. Man ya sha wuta da yawa.

Litinin, da hantsi

An cire robar. Tana magana.

Na shiga na zauna a bakin gadon, na miƙa hannu zan gyara mata ɗankwali. Ta fara tari. Ta juya fuska bango tana yi, tana ɗaga mini hannu wai ba komai. Na matsa baya, ya ragu. Na koma ƙofa, ya tsaya.

Na sake matsowa don in tabbatar. Mai sayar da kaya ba ya yarda da awo ɗaya.

Likita Hindatu ta same ni a baranda. Na shirya mata amsoshi tun a mota, har da na ƙaiƙayin Datti. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce Haulat ta faɗa mata ta ajiye mai ruwan ƙasa, to 'yan sintirin sun dawo bakin aiki ke nan, gyambon ya buɗe, abu kaɗan ya isa.

Na ce, "Abu kaɗan kamar me?"

Ta dubi mayafina. Ta ce, "Hajiya, tun kina ƙofar shigowa na san kin iso."

Shekara talatin ana faɗa mini wannan maganar ina jin daɗi.

Talata, bayan azahar

An sallame ta. Malam Uwais ya durƙusa a gabana a baranda, mutane na wucewa. Wannan karon bai ce Inna ce ta ce ba.

"Umma, gida zan kai ta."

Na duba takalminsa, duk ƙura, ɗaya igiyar ta tsinke ya ɗaure da leda. Na ce a riƙa sa mata kanwa kaɗan a kunu, ba ta son ta yi yawa. Na ce ruwan wankan kada ya huce. Na ce inhela mai ruwan ƙasa safe da yamma, ya tsaya a kanta har ta shaƙa, ko ta yi kuka.

Ya ce, "In sha Allahu, Umma."

Ni kaɗai na shiga bas ɗin Ajingi. Wata mata a gefena ta tambaye ni inda nake sayen turare. Na ce kyauta aka ba ni.

Laraba, da yamma

Na kai wa Baiwa kayanta. Ta yaba. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, na ce yarinyar tana Gaya kusa da likita. Ta ce ai ya fi. Yadda ta ce "ai ya fi" ɗin, kafin la'asar ya isa Balan.

Juma'a, da hantsi

Ɗakin kudu. Sun bar safar jariri ƙafa ɗaya.

Asabar, bayan azahar

Haulat ta kira. Muryarta ta fito sosai, ba fito a bayanta.

"Umma, yaushe za ki zo?"

"Kasuwa ta riƙe ni."

"Umma."

"Na ce kasuwa."

"Inna ba ta iya kunu ba. Kamar ruwan wanki."

"Rufe bakinki, a gidanta kike."

Ta yi dariya, dariyar ta tafi har ƙarshe ba ta karye da tari ba. Na saurara da kyau.

Ranar kasuwa, da la'asar

An yi maganar. Wata ta ce wai da gaske ne turare na kama ƙirji? Na ce wuƙa ma tana yanka, an daina sayenta? Mai fuka ya nisanci hayaƙi, mai jego in tana tari a fitar da kasko, ko nawa ne. Ta saya duk da haka, ƙaramar kwalba.

Na yi magana da mai rumfar da ke can ƙarshen layin masu tukwane. Akwai fili a bayanta. Daga yanzu a can zan riƙa suya, a can kaya za su kwana. Datti zai kwashe mini buhunan gobe. Ya tambaye ni dalili, na ce haya ta yi araha.

Litinin, da walha

Na wanke zannuwana da omo sau uku na shanya. Na kai wa Talatu ɗaya ta shinshina.

"Hawi."

Na jiƙa su da toka suka kwana. Na kai mata.

"Hawi da toka."

Na tsefe kaina na wanke da sabulun salo har idona ya yi ja. Ta sunkuyo ta shinshina ƙeyata kamar mai sayen kankana.

"Kai ya fita. Kayan ne ba za su fita ba, Bara'u. Akwatinki ma kansa turare ne. Ke da kayanki sai dai a haƙa rami."

"To tsirara zan je?"

"Wa ya ce za ki je? Ba kasuwa ta riƙe ki ba?"

Ta shiga ɗaki ta fito da atamfarta ta zuwa biki, koriya mai zanen agogo, wadda na sha faɗa mata ko akuya aka ɗaura wa sai ta ƙi fita. Da mayafi, da ɗankwali.

"Aro ba kyauta ba ne," in ji ta.

"Faɗi."

"Kwalbar ƙarƙashin gado."

Ban san ta san da ita ba. Katanga ɗaya, shekara ashirin.

Na ce, "Ke da za ki zuba shi a kan warin tunkuza?"

"Ni ma ina da miji."

Na tsaya na yi lissafin da ba na kuɗi ba. Na shiga na durƙusa na jawo ta. Ledar bakin ta yi ƙura. Ban buɗe ba, na miƙa mata ta kan katanga. Cinikin da na fi faɗuwa a cikinsa tun da na fara kasuwa, kuma ko tayi ban yi ba.

Laraba, bayan azahar

Malam ya yi waya da kansa. An sake awon jini, sun sauko ƙasa da ɗari biyu. Likita ta ce ba tafiya suka yi ba, zama suka yi, ranar da aka ajiye mai ruwan ƙasa za su miƙe. Ya ce gobe arba'in, Inna za ta yi 'yar sadaka.

Na ce na san gobe arba'in.

Alhamis, da la'asar

A gidan Talatu na yi wanka, a can na sa kaya, ban koma ɗakina ba. Jakata ma na bari, na ƙulle kuɗin mota a bakin zane kamar 'yar ƙauye. A bas ba wanda ya juyo ya dube ni. Haka ashe sauran mutane ke tafiya.

Na riƙo gumba da man shanu da 'yar safar nan. Uwa ta je arba'in ɗin 'yarta ba ko tsinken turare. Inna ta karɓe ni da mutunci, ta dubi hannuna, ta dubi atamfar, ta ce sannu da hanya. Matar gidan malamai ce, ta iya shiru.

Ta nuna mini ɗakin. Na ɗaga labule.

Haulat na barci a gefe ɗaya, Ikrama a jikinta, shi ma ya yi barci da nono a baki. Inhela mai ruwan ƙasa na kan kujera kusa da kofin ruwa, ba ƙura a murfin. Tun tana rarrafe yarinyar nan ba a taɓa yin ranar da na shigo wuri ba ta ɗago kai ba. Ko daga kasuwa na dawo, kafin in yi sallama tana zaure.

Na shiga. Na zauna a bakin gadon, daidai inda na zauna a asibiti. Na matsa kusa. Na ƙara matsawa, har ina jin ɗumin numfashinta a bayan hannuna. Yana shiga, yana fita, ba kara ba fito, kamar na kowa.

Na daɗe a haka. Ɗakin ƙarnin nono yake yi.

Can ta buɗe ido, ta dubi koriyar atamfa, ta bi ta da kallo har sama.

"Umma? Yaushe kika shigo? Ban ji ki ba."

Na ce, "Koma barcinki."